Kilimanjaro da Riruwai: Abin da duwatsu masu aman wuta ke faɗa wa manomin Zakirai

A Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa a Jihar Kano, ƙanƙara iri biyu aka sani. Akwai wadda kan sauko tare da ruwan sama idan hadari ya yi ƙarfi, yara su yi ta tsinta a kwano, manomi kuma gabansa na faɗuwa kada ta yayyaga masa ganyen shuka. Akwai kuma ta firji, wadda ake rububin saye da yamma idan azumi ya faɗo cikin bazara.

Dukkansu ba sa daɗewa. Kafin a ce me, sun zama ruwa.

Ƙasar ma shimfiɗaɗɗiya ce. Mutum zai tsaya a bakin gona ya hangi gero da dawa da gyaɗa da wake har iyakar ganinsa, babu abin da ya tokare sama sai gawo da kuka da tsamiya da darbejiya. Saboda haka idan aka ce wa mutumin nan akwai wani dutse a cikin Afirka, kusa da layin ikwaita inda rana ke dukan tsakar ka, wanda cikinsa ya taɓa aman wuta amma kansa na ɗauke da ƙanƙarar da ta shekara ɗaruruwa ba ta narke ba, ba laifi ba ne in ya ɗauka tatsuniya ce.

Dutsen nan shi ne Kilimanjaro da ke arewa maso gabashin Tanzaniya, sama da kilomita 3,500 daga Kano. Masana sun ce ƙanƙarar da ke kansa na dab da ƙarewa. Labarinsa kuwa ya ratso ta yashin gonakin Zakirai, da hazon hunturu, da kuma wani tsohon dutse mai aman wuta da ke cikin Jihar Kano wanda akasarin Kanawa ba su san tarihinsa ba.

Labarin da aka ƙaryata

Ba mutanen karkara kaɗai ne za su yi shakka ba. A shekarar 1848 wani Bajamushe ɗan mishan mai suna Johannes Rebmann ya hango farin abu a kan dutsen, ya rubuta cewa dusar ƙanƙara ce. Wasu masana labarin ƙasa a Landan suka ce ƙarya yake yi, ko kuma idonsa ne ya yaudare shi, domin a ganinsu ƙanƙara ba ta zama a ƙasa mai zafi irin wannan. Mutanen ƙabilar Chagga da ke noma a gindin dutsen kuwa tun kaka da kakanni suke kallon farin rawanin nasa kowace safiya.

Sai a watan Oktoban 1889 aka samu waɗanda tarihi ya rubuta cewa sun kai ƙololuwarsa, wato Hans Meyer da Ludwig Purtscheller, tare da taimakon 'yan ƙasa masu nuna hanya da ɗaukar kaya. Gani ya kori ji.

Tsayin Kilimanjaro mita 5,895 ne daga doron teku, kuma babu dutsen da ya kai shi a Afirka. Don a gane girman abin, tsauni mafi tsayi a Najeriya, Chappal Waddi na Jihar Taraba, mita 2,419 ne, wato ko rabinsa bai kai ba. Birnin Kano kansa bai kai mita 500 daga doron teku ba. Ƙololuwar dutsen ana kiranta Uhuru, ma'ana 'yanci da harshen Swahili, sunan da ta samu bayan Tanganyika ta karɓi mulkin kai a 1961.

An mayar da saman dutsen gandun daji na ƙasa a 1973, sannan hukumar UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Dubun-dubatar baƙi ne ke zuwa hawansa duk shekara, abin da ke ciyar da masu ɗaukar kaya da masu dafa abinci da direbobi a garuruwan Moshi da Arusha.

Yadda wuta ta gina shi

Ƙasar da muke takawa ɓawo ne. A ƙarƙashinsa akwai duwatsu masu tsananin zafi, waɗanda a wasu wurare kan narke su zama kamar kunu mai kauri. A gabashin Afirka ɓawon nan yana tsagewa sannu a hankali, 'yan milimitoci a shekara, daga Habasha har zuwa Mozambik. Inda ya yi rauni, narkakken dutse kan samu hanya ya taso, ya malala, ya huce, wani ya sake zubowa a kansa. Haka ake yi, hawa kan hawa na narkakken dutse da toka, har tsauni ya tashi.

Kilimanjaro haɗakar duwatsu uku ne da suka taso a jere. Na farin shi ne Shira, wanda ya fara aman wuta kimanin shekara miliyan biyu da rabi da suka wuce. Daga baya kansa ya rufta, ya zama faffaɗan tudu mai tsayin kusan mita 4,000. Sai Mawenzi mai mita 5,149, wanda ruwa da iska da ƙanƙara suka sassaƙe shi ya zama tsini-tsini kamar haƙoran zarto. Autansu Kibo, shi ne ya fi su tsayi, kuma shi ke ɗauke da ƙanƙarar.

Shira da Mawenzi sun mutu. Kibo kuwa masana duwatsu na cewa barci yake yi. Babban amansa na ƙarshe ya faru ne tsakanin shekara 150,000 zuwa 200,000 da suka wuce, amma har gobe akwai kafofi a cikin ramin da ke tsakiyar kansa da ke fitar da tururi mai warin farar wuta.

Haɗuwar wuta da ƙanƙara a dutse ɗaya ba abin wasa ba ne. A ranar 13 ga Nuwamban 1985 dutsen Nevado del Ruiz na ƙasar Kolombiya ya yi aman da ba wani babba ba ne, amma zafinsa ya narkar da wani ɓangare na ƙanƙarar da ke kansa. Ruwan ya haɗu da toka da ƙasa ya zama ambaliyar taɓo, ya gangara cikin dare ya binne garin Armero. Mutum kusan 23,000 ne suka rasu. A 2010 ma wani dutse da ke ƙarƙashin ƙanƙara a ƙasar Aisland ya tayar da tokar da ta hana jiragen sama tashi a Turai har kusan mako guda. Babu alamar irin wannan a Kilimanjaro a yanzu. Tasa matsalar daban ce.

Daga gonar ayaba zuwa hamadar sanyi

Me ya sa ƙanƙara ke zama a ƙasa mai zafi? Amsar tana cikin tsayi. Duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, zafin iska kan ragu da kimanin digiri shida da rabi a ma'aunin Salshiyas. Da za a ɗauko Kilimanjaro a dasa shi a Zakirai, ranar da zafi ya kai digiri 40 a ƙasa cikin watan Afrilu, a ƙololuwarsa zai kasance wajen digiri biyar ne da tsakar rana, da dare kuma ruwa ya daskare. A can inda yake, matsakaicin sanyin ƙololuwar ya kai wajen digiri bakwai ƙasa da sifili.

Wannan ya sa mai hawan dutsen kan ratsa yanayi iri biyar cikin kwana biyar zuwa tara.

A ƙasa, daga wajen mita 800 zuwa 1,800, gonakin Chagga ne. Ƙasar da ta samo asali daga toka da narkakken dutse tana da albarka ƙwarai, shi ya sa jama'a suka yi cincirindo a wurin, gida kusa da gida, gona manne da gona. Duk wanda ya san karkarar Kano zai gane tsarin. Manomin Chagga kan bar manyan itatuwa a gonarsa, ƙarƙashinsu ayaba, ƙarƙashin ayaba kofi, a ƙasa kuma gwaza da wake. Yana ɗaure shanu da awaki a gida ya kai musu harawa, ya kwashe takinsu ya zuba a gona, kamar dai yadda ake yi a Gabasawa da Gezawa. Tun kafin zuwan Turawa suka haƙa magudanan ruwa da ke ɗebo ruwan ƙoramu daga sama suna rarraba shi gona-gona bisa ƙa'idar dangi.

Daga nan sai dajin mai duhu da yawan ruwan sama, wanda ya kewaye dutsen kamar ɗamara har zuwa wajen mita 3,000. Sama da shi sai ƙananan itatuwa da ciyayi masu jure sanyi. Daga mita 4,000 kuma sai hamada ta tsakuwa da toka, rana ta ƙona fata, dare ya daskarar da ruwa. A ƙarshe, sama da mita 5,000, sai ƙanƙara. A wurin iskar da mutum ke shaƙa rabin ta bakin teku ce, don haka taku goma kan sa ƙato haki.

Ƙanƙarar ba irin ta firji ba ce. Dusar da ke zuba shekara da shekaru ce ke danne juna, nauyi ya matse ta har ta zama curi mai tauri. A kan Kibo takan tsaya kamar katanga, fara da shuɗi-shuɗi, a wasu wurare ta fi bene mai hawa goma tsayi.

Rawanin na warwarewa

Lokacin da aka zana taswirar kan dutsen a 1912, ƙanƙara ta rufe kimanin murabba'in kilomita 11.4. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna cewa a 2011 abin da ya rage bai wuce 1.76 ba. Kusan kashi 85 cikin 100 ya tafi cikin shekara 100. Tun daga nan ma raguwa take ta yi, manyan curi suna rabewa gida biyu, ƙanana suna ɓacewa.

Wurare uku kaɗai suka rage masu irin wannan ƙanƙara a Afirka: Kilimanjaro, Dutsen Kenya, wanda shi ma tsohon mai aman wuta ne, da tsaunukan Rwenzori da ke tsakanin Yuganda da Kwango. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta faɗa a rahotonta na Oktoban 2021 cewa idan aka ci gaba a haka, dukkansu za su rasa ƙanƙararsu cikin shekarun 2040. UNESCO ma a 2022 ta ce da wuya ta Kilimanjaro da ta Dutsen Kenya su wuce 2050.

Masana sun daɗe suna muhawara kan dalili. Wasu sun fi ɗora laifin kan ɗumamar duniya kai tsaye. Wasu, kamar Georg Kaser na Jami'ar Innsbruck ta Ostiriya, sun nuna cewa a kan Kibo sanyi bai cika barin ƙanƙara ta narke ta zama ruwa ba. Abin da ke cinye ta shi ne bushewar iska da ƙarfin rana, ta yadda take zama tururi kai tsaye, kamar yadda jiƙaƙƙen tufa ke bushewa da hunturu ko da ana rawar ɗari. Tun wajen 1880 yankin ya fara bushewa, dusar da ke zuba ta ragu, abin da ke fita ya fi abin da ke shiga. Ra'ayoyin biyu sun haɗu a wuri ɗaya, domin damshin da ke kaiwa kan dutsen daga Tekun Indiya yake tasowa, kuma ɗumamar teku na sauya tafiyarsa.

Abin takaicin shi ne Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi huɗu cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Kundin da ke cikin ƙanƙara

A farkon shekarar 2000 wata tawaga ƙarƙashin Lonnie Thompson na Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka ta kafa tanti a kan Kibo, ta huda ƙanƙarar ta zaro sanduna shida, mafi tsawonsu ya haura mita 50. Kowane sashe na sandar yana ɗauke da ƙura da sinadaran zamanin da dusarsa ta zuba, tamkar shafin littafi.

Sakamakon da suka fitar a 2002 ya ce ƙasan ƙanƙarar ya kai shekara 11,700, ko da yake wasu masana na ganin ba ta kai haka tsufa ba. Sun kuma tarar da wani layin ƙura mai kauri da suka danganta da wani gagarumin fari da aka yi kimanin shekara 4,000 da suka wuce, wanda ya ɗauki wajen shekara 300.

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu, domin ƙasar Hausa ma tana da nata kundin, sai dai a cikin yashi aka rubuta shi.

Kimanin shekara 20,000 da suka wuce duniya tana cikin zamanin sanyi. Ƙanƙarar Kilimanjaro ta gangaro har ƙasa da mita 4,000, tarin duwatsun da ta tura har yanzu suna nan. A daidai lokacin nan yankinmu ya bushe ƙarau, Sahara ta matso kudu da ɗaruruwan kilomitoci, iska ta jera tuddan yashi a arewa da gabashin Kano. Wani masani ɗan Birtaniya, A. T. Grove, ya yi bayanin waɗannan tsofaffin tuddai tun a 1958. Su ne jigayin da ake gani yau an lulluɓe su da gero, kuma daga kalmar ce Jihar Jigawa ta samo sunanta. Ƙasa mai yashi da garma ke shiga cikin sauƙi a Zakirai gadon wancan zamani ce.

Daga baya al'amari ya juya. Tsakanin kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce damina ta yi ƙarfi, Sahara ta yi kore, Tafkin Chadi ya cika ya batse har ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a yankin da yanzu yake Jihar Yobe, ya kai shekara 8,000, kuma shaida ce ta wannan zamani na ruwa.

Da tafkin ya janye, sai ya bar farar ƙasa mai laushi a kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Duk hunturu iska na matsowa tsakanin tsaunukan Ennedi da na Tibesti, ta kwashi wannan ƙasa ta yo kudu maso yamma da ita. Tibesti kuwa tsaunuka ne masu aman wuta, cikinsu har da Emi Koussi mai mita 3,415, wanda ya fi kowane tsauni tsayi a Sahara. Hazon da ke hana jirgi sauka a Kano, ya busar da leɓe, ya sa tari, shi ne kuma ke sauka a gonaki da sinadaran da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Tsofaffin manoma da ke cewa hazo mai yawa alamar albarkar damina ce ba su yi nisa da abin da bincike ya gano game da takin da ke cikinsa ba.

Kano ma ta taɓa aman wuta

Mutane da yawa kan ɗauka Dala da Goron Dutse tsofaffin duwatsu ne masu aman wuta. Ba haka ba ne. Ragowar tsohuwar ƙasa ce da marmara mai ƙarfe ta rufe wa kai, ruwa ya zaizaye kewayenta ya bar ta tsaye. Wannan ƙarfen ne ya jawo maƙera suka zauna a Dala tun wajen ƙarni na 7.

Ainihin dutsen Kano mai aman wuta yana can ƙarshen kudu, a Riruwai cikin Ƙaramar Hukumar Doguwa, kusa da iyakar Kaduna da Bauci. A nan ne ƙasar jihar ta fi tsayi, sama da mita 1,000. Idan aka duba wurin ta hoton tauraron ɗan'adam za a ga tsaunukan sun yi kewaye kamar zobe mai faɗin kilomita 16 zuwa 17.

Masana duwatsu sun bayyana zoben nan a matsayin saiwar wani babban dutse mai aman wuta da ya yi zamani kimanin shekara miliyan 170 da suka wuce, lokacin Afirka da Kudancin Amurka suna manne da juna. Ya yi ta amai har rumbun narkakken dutsen da ke ƙarƙashinsa ya yi sauƙi, kansa ya rufta ciki, irin abin da ya samu Shira na Kilimanjaro. Sauran narkakken dutse ya bi tsagar da ta kewaye ramin ya daskare. Ruwan sama na miliyoyin shekaru ya wanke saman, ya bar abin da ake gani yau. Wato wanda ya tsaya a Riruwai yana kallon cikin dutse mai aman wuta ne bayan an cire masa murfi. Haka Kilimanjaro zai koma wata rana mai nisa.

Riruwai ba shi kaɗai ba ne. Akwai irinsa sama da 50 a Najeriya, kuma jerin ya faro ne tun daga tsaunukan Abzin na yankin Agadas, waɗanda suka haura shekara miliyan 400, ya biyo ta Damagaram da Gure, ya shigo Najeriya. Duwatsun Dutse a Jigawa sun kai wajen shekara miliyan 213, na Afu a Jihar Nasarawa kuma miliyan 141. Duk gangarawa kudu suna ƙara ƙuruciya. Cikin jerin har da tsaunukan Shira na Jihar Bauci, waɗanda suka yi takwara da babban wan Kibo, ko da yake dacewar suna ce kawai.

Akwai kuma na baya-bayan nan, waɗanda siffarsu ba ta ɓace ba: tuddan Panyam da Kerang a Jihar Filato, da na Biu a Jihar Borno inda Tafkin Tila ke zaune a cikin bakin tsohon dutse. A maƙwabta kuwa wutar ba ta mutu ba. Dutsen Kamaru ya yi amai a 1999 da 2000, sannan a daren 21 ga Agustan 1986 Tafkin Nyos ya saki iskar da ta shaƙe mutum sama da 1,700 da dubban dabbobi. Na Riruwai dai ya mutu murus, babu abin tsoro daga gare shi ta wannan fuska.

Gadon da ya bari shi ne ma'adinai. Ruwan zafi da ya ratsa tsagogin dutsen lokacin da yake hucewa ya ajiye kuza da tutiya da wasu ma'adinai masu daraja, har da wata jijiya mai tsawon kusan kilomita biyar. Tun kafin Turawa su zo mutanen wurin ke narka kuza suna zuba ta siri-siri kamar kara, fatake na kai ta kasuwanni. Waɗannan sandunan ne suka ja hankalin Kamfanin Neja har ya tura masu bincike a farkon shekarun 1900, abin da ya buɗe haƙar kuza a Jos. A shekarun 1970 an buɗe mahaƙar ƙarƙashin ƙasa a Riruwai, amma ta durƙushe a shekarun 1980, zamanin da farashin kuza ya faɗi a duniya. Har yau masu haƙa na bin jijiyoyin dutsen. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga sarrafa ma'adinai a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400, ya isa gargaɗi kan yadda ya kamata a tafiyar da aikin.

Ruwan ba daga ƙanƙara yake ba

Tambayar da ake yawan yi ita ce: idan ƙanƙarar Kilimanjaro ta ƙare, shin ƙoramun da ke gindinsa za su ƙafe? Masu binciken ruwa sun ce ƙanƙarar ta yi ƙanƙanta ƙwarai, ɗan abin da take bayarwa bai taka kara ya karya ba. Za a yi asarar kyan gani, da kundin tarihin da ke cikinta, wataƙila da wasu baƙi masu kawo kuɗi. Amma ruwan da ke shayar da gonakin Chagga, ya cika Kogin Pangani da madatsar Nyumba ya Mungu, ya kuma ɓulla a fadamun Amboseli na Kenya, daga dajin nan mai kama da ɗamara yake fitowa. Itatuwan ne ke tare ruwan sama da raɓa, su bar shi ya nutse cikin dutsen mai kafofi, ya fito a ƙasa a matsayin idon ruwa.

Dajin kuwa yana shan wuya daga sara da gobara. A watan Oktoban 2020 wuta ta shafe kwanaki tana ci a jikin dutsen, ta sake tashi a Oktoban 2022. Wannan ne ya fi tayar wa masana hankali.

A nan darasin ya zama namu. Kogin Kano daga tuddan kudu yake tasowa, ya ratsa yankin dajin Falgore ya zuba a madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Daga Tiga ne ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, daga nan kuma ruwa ke isa matatar Tamburawa. Bayan ya haɗu da Kogin Challawa sai ya zama Kogin Haɗeja, ya wuce Wudil, ya bi ta Ringim da ke gabas da Zakirai, ya nufi fadamun Haɗeja da Nguru. Duk itacen da aka sare aka yi gawayi a tuddan Doguwa, da duk ramin haƙa da aka bari ruwa na kwasar ƙasarsa, a ƙarshe yashi ne da zai taru a cikin madatsa ya rage mata ciki.

A Zakirai babu tsauni, babu ƙanƙara, rumbun ruwan yana ƙarƙashin ƙafa. Akasarin Jihar Kano tana zaune ne kan tsohon dutse mai tauri da ya haura shekara miliyan 500, wanda ba ya riƙe ruwa sai a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagoginsa. Sai an nausa arewa maso gabas cikin Jigawa ake shiga shimfiɗar yashi da yumɓu ta kwarin Chadi mai wadatar ruwa. Shi ya sa za a haƙa rijiyar burtsatse a nan ta ba da ruwa, a matsa kaɗan a haƙa wata ta fito a bushe. Abin da ke cika wannan rumbu shi ne ruwan wata huɗu na damina, gwargwadon abin da ya samu damar nutsewa kafin ya gudu ko rana ta shanye shi.

Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda igiyar guga ke ƙara tsawo idan damina ta yi gardama. Sun kuma san cewa gonar da ke da gawo da taki da shingen kara ta fi riƙe damshi a kan fako. Ilimin da manomin Chagga ke aiki da shi a ƙarƙashin inuwar ayaba, shi ne na manomin Gabasawa da ke barin sabon toho ya girma a gonarsa maimakon ya sare shi da sharar gona.

Yaron da aka haifa bana a Zakirai, kafin ya kai shekara 30 mai yiwuwa ne sai dai a nuna masa ƙanƙarar Kilimanjaro a tsohon hoto. Hana wannan ya fi ƙarfin ƙauye ɗaya ko ƙasa ɗaya. Amma ko zai tarar da gawon da kakansa ya bari a gona, da ruwa a rijiyar unguwarsu, da dajin Falgore a tsaye, wannan a hannun mutanen yau yake.